Bishiyar da Likita Ta Zana

A Telavi, a ɗaki mai ƙamshin sabulu,
likita Gwantsa ta jawo farar takarda,
ta ce, "Lissafo mini matan gidanku."
Duk wadda na ambata sai ta yi mata da'ira.
Kakata Tsiala: ta cike ta da baƙi.
Ƙanwar mahaifiyata, Lamara: baƙi.
Tawa ta bar ta fara fat,
bakin alƙalami na shawagi a kanta.

Yaushe kika fara al'ada? Ina sha ɗaya.
Haihuwar fari? Talatin da shida,
nonon kuma bai yi wata biyu ba ya ƙafe.
Ta rubuta, ba ta girgiza kai ba.

"Waɗannan ba ke kika zaɓa ba," in ji ta.
"Gado ba hukunci ba ne.
Sankarar mama kan shiga gidan da babu ɗigon baƙi,
ta kuma tsallake wadda ke tsakiyarsa.
Yanzu mu zo kan abin da ke hannunki."

Abin da ke hannuna!
Kofin giyar da mijina Zurab ke ɗebowa
daga tulun da ke binne a ƙasa,
karan sigari biyu bayan an rufe shago,
da tsokar da ta taru a ƙuguna
tun da na zauna gadin tanderun burodi.

Kaka ta ɓoye ƙullutunta shekara guda
ƙarƙashin baƙin mayafi,
tana ɗaura masa ganyen kabeji da dare.
Ranar da wari ya tona asiri
babu sauran abin yi sai kunna kyandir.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
shafa wa naka ruwa.
Mu ba mu da gemu,
amma sau biyu na ga gobara a gidanmu.

Bana a bikin tsinkar inabi
na kife kofina. Surukata ta taɓe baki,
ta ce ko ciki ne da ni.
Da asuba ina haura tudu har gindin tsohuwar ganuwa,
ina haki, ina zagin gwiwoyina,
duwatsu masu farin rawani suna kallona.
Sigarin dai har yanzu muna kokawa:
jiya shi ya kayar da ni.

Kowane wata, bayan jini ya ɗauke,
nakan tsaya gaban madubi, hannu a sama,
yatsu uku na zagaye har cikin hamata
kamar mai neman tsakuwa a kwaɓin fulawa.
Ran Talata injin hoto zai matse ni
tsakanin faranti biyu masu sanyi.
Ina tsoro. Zan je.

Takardar na nan a aljihun rigar aikina.
Can ƙasa akwai wata 'yar da'ira,
Nutsa, mai shekara bakwai,
wadda ta gan ta jiya, ta ɗauko fensir,
ta yi mata ido biyu da baki.