Matakala Goma Sha Uku

Matakala goma sha uku ne a gidan nan na Sheffield.
Shekara tara ina hawa ban taɓa ƙirgawa ba,
sai da gwiwa ta koya mini lissafi.

Al'ada ta tafi ba sallama,
ta bar mini tarkacenta a ɗaki:
zufar tsakar dare, ga ƙanƙara a jikin taga,
kiyashi masu yawo a tafin ƙafa,
yatsun da murfin kwalba ya raina.

Likita ta fi duban na'ura da dubana.
Ta ba ni magani, ta ce in dinga iyo.
Iyo! Ni da ruwana bai taɓa wuce bokiti ba.

Yaya Uwani ta aiko man kaɗanya daga Funtuwa
cikin gwangwanin madara.
Ina shafawa, ƙamshin ya fi maganin aiki.

A wurin aiki na ɗaga Doreen daga gado,
ƙashinta ya yi ƙara, nawa ya amsa.
Muka dubi juna, muka tuntsire.

Amma ranar da na fara salla a kujera
ban yi dariya ba.
Goshina ya yi kewar ƙasa.

Ran Talata, ranar mata zalla, na je.
Na shiga da dogon wando, ina salati.
Ruwan ya karɓi nauyina
bai tambayi shekaruna ba.

Na dawo, suna nan, goma sha uku.
Na kama ƙarfe.
Bismillah.
Ɗaya.