Idan Akwai Wanda Na Ɓata Wa

Ranar Talata ya faɗa, can Santiyago,
yana gyara wuyan kwat a gaban 'yan jarida:
"Masunta bakwai ɗin nan na Ciloye,
ba teku ce ta ci su ba, kwalba ce."
Ya yi 'yar dariya. Wani a bayansa ya taya shi.

Ranar Juma'a muka cika shagon Nolfa Barriya,
inda talabijin ke rataye bisa buhunan dankali,
ruwan sama na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Sai ga Sanata. An tuɓe masa kwat,
an naɗe masa hannun riga, wai shi ma ya san wahala,
idonsa na bin wani rubutu da mu ba ma gani.

"Idan akwai wanda maganata ta ɓata wa rai..."

Idan akwai!
Nolfa ta ajiye wuƙar yanka cuku,
ta bi mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya:
ashirin da uku, ban da na goye.
Ta ce, "A gaya masa akwai."

Tsoho Heriberto mai ɗinkin koma
ya ce a bar shi haka, ɗan'adam tara yake bai cika goma ba,
wanda ya durƙusa ba a taka shi.
Ɗansa Ulises ya ce, "Baba, ina ka ga gwiwa a ƙasa?
Tuban muzuru ne, kazar na baki.
Saura wata huɗu zaɓe.
Akwatin ƙuri'a yake lallashi, ba mu ba."
Suka yi ta ja har shayinsu ya huce,
uba da ɗa, a kan mutumin da bai san da zamansu ba.

Jaridun birni sun ce ya yi jarumta.
Fada ya ce a coci, yafiya ba ta jiran cancanta.
Yara sun shafa wa hotonsa hanjin kifi a bangon tasha,
tsuntsayen teku suka wanke shi tas kafin rana ta faɗi,
ya koma yana murmushi kamar jiya.
Aka aiko furanni daga ofishinsa, manya, farare,
da sunan garinmu an rubuta ba daidai ba.

Ni ban ce komai ba a shagon.
Baldomero ƙanena ne, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba:
yana sha. Ran biki yana sha har ya rungumi turken jirgi
yana kiran sa da sunan mahaifiyarmu.
Amma daren nan ni na cika masa gorar ruwan zafi,
ni na ji numfashinsa da ya sumbaci goshina.
Albasa kawai, da barcin da bai ishe shi ba.
Wa zan kai wa wannan shaida?
Wace kotu ke sauraron hanci?

Eliyana matarsa ba ta zo kallo ba.
Na same ta tana shanya safa a bayan murhu.
Na ce, "Ya ba da haƙuri."
Ta ce, "Ya ambaci sunansa?"

Na koma na sake saurara a waya.
Minti biyu da daƙiƙa goma.
Ya ce "ni" sau tara, "zuciyata" sau uku,
"iyalina" sau ɗaya, muryar na rawa daidai wurin.
Baldomero babu. Efrayin babu.
Babu Lautaro mai shekara sha bakwai,
wanda har yau teku ba ta dawo da shi ba.

Heriberto ya yafe, na ga nauyi ya sauka daga kafaɗarsa,
ban ga laifinsa ba.
Ulises na buga takardun zanga-zanga.
Nolfa ta mayar da tashar kan ƙwallo.

Ni kuma kowace asuba ina tsallake takalman robar ƙanena
a bakin ƙofa, inda babu wanda ya iya ɗauke su.
Ruwan sama ya cika na hagu.
Ina zubarwa, in mayar da shi yadda yake.