Littafin Ma'aji

Ranar da aka zaɓe ni ma'ajin ƙungiya,
Balaraba ta miƙo mini littafi da gwangwanin madara.
Littafin ya fi gwangwanin nauyi.

Shafin farko hannun Rifkatu ne, 'yar Bogoro,
zamanin naira hamsin a wata.
Ɗalibai mata goma sha tara, ba wadda ta tsallake,
har da wadda ta biya da ƙwai shida
aka sayar a bakin ƙofar kwaleji.

Na lasa yatsa na juya.
Zamanin Hajjo, jan biro,
asusu ya yi ƙiba har ya yi tozo:
tukwane biyu, injin markaɗe,
kuɗin jarrabawar mutum uku da gida ya gaza.
Haruffanta manya, suna tafe suna rangaji.

Daga nan anko ya shigo.
Ankon tarbar sababbi, ankon sallamar masu fita,
leshi, kujerun haya, mai hoto.
Wata ta rubuta "sauran abubuwa, dubu arba'in,"
hannu kuwa ba ta sa ba.
An yage shafi biyu, zare kawai ya rage,
kamar dasashi bayan cire haƙori.

Yajin aikin malamai, wata takwas fari fat.
Daga Misau, daga Jama'are, daga Gamawa
ko sisi bai shigo mota ba.
Injin ya ci tsatsa a bayan ɗakin kwana,
'yan gwangwan suka auna shi a sikeli.

Yau mu ɗari da shida ne, dubu guda a wata,
in an ga dama.
Dubun nan ba ta kama ƙafar hamsin ɗin Rifkatu ba,
mudun shinkafa a kasuwar Azare dariya yake mata.
Masu bashi daga nesa suke gaishe ni:
"Ai na turo ta waya, ba ki gani ba?"

Shekaranjiya da dare aka kwantar da Uwale a asibiti.
Na zazzage gwangwanin a kan katifa:
dubu bakwai da ɗari uku,
da maɓalli guda, ban san na rigar wa ba.
Na bi ɗaki ɗaki da fitilar waya,
ban karanta wa kowa bashinta ba.
Kafin kiran assalatu dubu ashirin da biyu sun haɗu,
wata 'yar aji ɗaya, idonta duk barci,
ta zuba mini ƙwai huɗu a gefen mayafi.

Na ja musu layinsu daban.
Ban mayar da su naira ba.