Ragar Tagulla

Sai na kashe fanka kafin in fara.
A Agege, a watan da zufa ke bin gadon baya kamar kiyashi,
wannan ba ƙaramin hukunci ba ne.
Amma ’yar iska kaɗan ta isa ta kwashe
abin da na jira wata biyu kafin ya iso.

Tankar yaƙin na kan tebur, girman ɗan akuya a kwance,
roba ce ruwan toka, ba fenti tukuna.
Kusa da ita ga fallen tagulla,
bai fi ɓawon albasa kauri ba.
Haske ya zana shi, asid ya cinye abin da ba a so,
ya bar raga, da sarƙa, da maƙalai,
da wasu ’yan kunnuwa da sai ka kanne ido ɗaya.

Da rana cikin wayoyin mutane nake buɗewa a Ikeja,
hannuna ya fi sabawa da hantsaki a kan cokali.
Duk da haka yana rawa.

Na shimfiɗa fallen kan tayil, na danna reza.
Ƙis.
Lamba arba’in da bakwai ta yi tsalle ta shiga duniya.
Ni da Kande muka durƙusa da fitilar waya,
muka samo allurar da ta ɓata tun azumi,
da ƙwayar shinkafa, da murfin biro,
ita kuwa ko ƙyallinta.
Janaretan Baba Lekan na tari a bayan katanga,
jirgin ƙasa ya wuce ya kaɗa ruwan kofi.
“Baba, rage numfashi,” in ji Kande.

Ɗigon gam ɗaya a bakin tsinken sakace.
In ya yi yawa ya toshe idon raga,
in ya yi kaɗan gobe ka tsince ta a ƙasa.
Na lanƙwasa maɗaurin shebur tsakanin reza biyu,
sau ɗaya tak,
don tagulla ba ta yafe lanƙwasa ta biyu.
Yatsuna suka manne, na ɓamɓare, fata ta bi.

Sha biyu saura, ragar injin ta zauna daram,
ba tudu ba kwari,
ana hango duhun ciki ta ramukanta.
Na ja da baya ina kallo kamar ni na ƙera ƙarfen.

A nan tsoho Mamuda ya fito yana lalubar bango.
Shekara ashirin da biyu ya yi kwance ƙarƙashin ta gaske a bariki,
da sifana a hannu, baƙin mai a gemu,
kafin yana ta rufe masa ido.
“Miƙo in gani,” ya ce, yana buɗe tafi.
Babban yatsansa mai kanta
ya bi sarƙar ƙafa haƙori bayan haƙori,
ya hau baya, ya sauka kan ragar.
A haƙorina na ji ƙarar.
Ta lotsa.

Kande ta toshe baki.
Ni kuma na haɗiye abin da ya taso mini.
Shi ko dariya ya yi har da tari:
“Yanzu ta zama tanka.
Ka taɓa ganin ragar da takalmin soja bai taka ba?
Nan Saja Bitrus ke ɗora butar shayi in inji ya ɗau zafi.
Nan muke shanya safa.”

Na ɗauki hantsaki, na mayar na ajiye.
Gobe zan shafa wa lotsawar tsatsa,
in zana ɗan da’irar gindin buta a gefenta.

Na kunna fanka.
Kande ta juya za ta kwanta,
wani abu ya yi wal a dugaduginta:
arba’in da bakwai.