Mai Mabuɗin Fako

Arzika ne sunana, ni ke riƙe da mabuɗin fakon nan,
in ka bar Tawa ka nufi duwatsun Adar.
An kewaye shi da waya, an kafa allo da Faransanci,
harshen waɗanda suka yi harbin.
Ban iya karanta shi ba.
Na dai san inda kowa ya faɗi.

Can gindin aduwa kakan tsohuwata ya durƙusa,
kibiya uku a kwari, ɗaya a tsarkiya.
Ba a ce ya kashe kowa ba.
An ce bai gudu ba.

Duk damina ruwa kan tono kwanson harsashi,
kore shar kamar ganyen albasa.
Ina tarawa a gwangwanin tumatir,
bara ya cika, na sake wani.

Ran Laraba mushe ya kawo ƴan lakwal,
suka jera, suka rubuta shekara a littafi.
Wata ƴar ƙarama, Tabawa, ta ja mini riga:
"Baba, su wa suka ci?"
Na dubi duwatsun da ba suna a kansu,
na dubi awakin Nomau da suka sami ɓula a waya
suna kiwo bisa mazan jiya, ko sallama babu.
Na ce mata, je ki sha ruwa, rana ta yi.

Wata biyar ba a biya ni ba.
Da magariba nakan ja ƙyaure, in sa kwaɗo,
in ce musu, ku kwana lafiya,
na kulle, ba mai sake shigo muku.