Akwatin da Aka Manta

Ni ne mai gadin lakwal ta Kurfayawa, nan Tawa,
shekara goma sha tara makullai na hannuna.
Sau huɗu na share ajin nan saboda zaɓe,
na jera tebura, na rataya zane a kusurwa
don kowa ya ɓuya ya ci sarautarsa ta minti ɗaya.

Ran nan har tsohuwa Gambi aka ɗauko a amalanke.
Aka ce, "Inna, yau ƙasar taki ce."
Ta dangwala, ta dubi yatsanta,
ta ce, "To, a ba ni ruwa in wanke."
Babu. Famfon unguwa ya ƙafe tun kaka.

Da dare muka ƙirga da tocila,
wakilan jam'iyyu na hararar juna,
suna shan shayi a kofi ɗaya.
Mota ta kwashi sakamako ta yi Yamai.
Akwati guda aka manta bayan allo,
na roba, cikinsa a fili kamar zuciyar yaro.

Na kai labari meri, aka ce in dawo Litinin.
Litinin nawa ke nan? Na bar lissafi.
Kazata ta shiga, ta yi ƙwai tara,
ta ƙyanƙyashe bakwai.
Arzika mai faci ya leƙa, ya riƙe ciki:
"Yau na ga abin da aka zuba a nan ya fito da rai!"

Na yi dariya, amma ƙasa-ƙasa.
Bakinmu namu ne, wallahi namu ne.
A fada, kafin shayi na biyu ya tafasa,
mun tuɓe minista uku, mun naɗa mai kabu-kabu.
Sai baƙuwar fuska ta zauna bakin tabarma,
hira ta koma kuɗin buhun albasa.

Wata safiya rediyo ya sauya kiɗa.
Ba wanda ya tambayi yatsan Gambi.
Wasu suka yi guɗa, wasu suka yi shiru.
Masu guɗa aka ƙirga.

Amma ga abin da na gani da idona,
ba ji na yi ba:
Tsahara, ƙanwar matata, mai tuyar ƙosai,
ta bi gida-gida ranar Talata.
Laraba mata sittin suka ajiye jarkoki
a ƙofar magajin gari, babu ɗigo a ciki.
Ba kwali, ba kirari, ba jifa.
Suka zauna.
Iska na busa bakin jarkoki kamar sarewa.
Ɗan sanda ya zo da kulki,
ya ga gwaggonsa a layin gaba,
ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta,
ya koma inuwa.
Kwana uku tanki ya zo.
Kwana tara famfo ya yi tari, ya yi amai, ya kawo.
Bayan wata aka ƙara dala biyu a kan jarka.
Tsahara ta ce, "Mun ci rabi. Rabi ma ci ne."

Jiya Nomau, ɗana da ke bida a Abijan,
ya aiko murya ta waya:
"Baba, in an sake zaɓe, in taho?
Ko asarar kuɗin mota ce?"
Na danna in amsa, na saki.
Na sake dannawa, na saki.

Me zan ce masa?
Ƙofa tara nake buɗewa kowace safiya,
ko ɗaya ba tawa ba ce.
Amma ran da na makara,
har darakta a waje yake tsayuwa.

Na kori kaza da ƴaƴanta,
na wanke akwatin da ruwan Tsahara,
na kife shi a rana.
Ko sun zo nemansa, ko ba su zo ba,
su tarar da shi da tsabta.