Larabar Toka a Olinda

Asuba ta yi, ganguna sun yi shiru,
ni da tsintsiyata muka gaji titin Olinda.
Kwana huɗu garin nan bai runtsa ba,
yau ga shi yashe kamar wanda ya sha duka.

Ina share gashin tsuntsu mai ruwan zinariya,
na roba ne, ya jiƙe da giya.
Ga takalmi wari guda. Ga kambin kwali
da wani ya ci sarauta da shi daren jiya.
Ga sarkin can bakin kwata yana kelaya amai,
aljihu a zazzage,
ya manta sunan wadda ta tafi da agogonsa.

Ban yi masa dariya ba, na san makwancin nan.
Shekara goma sha ɗaya ni ne Jurandir mai ƙaho,
in na busa, unguwa guda ke bin bayana
daga tudun coci har bakin teku.
Kuɗin kifin wata uku nakan ƙone a dare uku,
in ce wa Edileuza, gobe ma rana ce.
Da goben ta zo na tarar da ƙofa a buɗe,
ba ita, ba yaran, ba keken ɗinkinta.

Can ƙauyenmu na fari, inda ƙaya ta fi ganye yawa,
kakata Zulmira ta taɓa aikena itace.
Na kwaso ƙaya, don ita ce kusa.
Na cusa ƙarƙashin tukunya, wuta ta kama,
tas, tas, tartsatsi har rufin ɗaki,
ina tsalle ina tafi.
Kafin in ɗebo ruwa ta mutu murus.
Tsohuwa ta buɗe murfi, ta tsamo ƙwayar wake,
ta sa mini a tafin hannu, tauri kamar tsakuwa.
Ta ce, "Surutu mun ji, ina abincin?
Maganar Allah ta san irin wutar nan,
da ita ta kwatanta dariyar wawa."
Sai da na shekara talatin
kafin waken nan ya dahu a kaina.

Zunubi mai kanti ne, ga fara'a,
bai taɓa hana ni bashi ba.
Ɗauki, ɗauki, ai mun zama ɗaya.
Ranar biya ya buɗe littafinsa,
na ga har gidana a ciki, har muryar 'yata,
har haƙoran da nake danne ƙaho da su.
Daɗin kuwa, na laluba ko'ina,
ko na cin goro bai rage ba.

Ƙararrawa ta buga bakwai.
Na jingine tsintsiya a bangon coci, na bi layi.
Fada Genivaldo ya tsoma yatsa a toka,
tokar ganyen dabinon bara,
ya zana gicciye a goshina,
ya tuna mini inda na fito da inda zan koma.
Sanyinta na ji har ƙeya.
Da na waiga, ga sarkin kwali a ƙarshen layi,
ƙyalƙyali bai gama fita daga gemunsa ba,
yana riƙe da kambin a bayansa, kunya ta kama shi.
Na matsa masa wuri a benci.

Edileuza ba ta dawo ba, ban kuma ga laifinta ba.
'Yata takan kira ni wata Lahadin,
minti biyar, wani lokaci shida.
Alherin Yesu a wurina garwashi ne,
ba ya ƙara, ba ya tara jama'a,
tun dare yake ci a hankali ƙarƙashin toka,
da safe ka sa hannu ka ji ɗumi.

Na fito, rana ta fara zafi.
Rabin titin na nan yana jirana,
kuma na bar wake a wuta.